Ranar da Na Ƙi Yafe wa Maigida

Shekarar da Maigida ya biya kujerar Makka, kuɗi sun shigo Jibiya ta ko'ina. Gwamnati ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi har da na baya, sai ga malaman makaranta da 'yan kwastan a kan babura sababbi fil, ko ledar sirdi ba su cire ba. Manyan motoci kuwa layinsu tun daga shingen Magama har inda ido ya gaji, wasu za su Maraɗi, wasu sun fito. Kowane direba sai ya sha shayi, shayi kuma ba ya wucewa sai da burodi. To, mu ne masu burodin.

Gidan burodin namu ƙarami ne, a bayan tasha: zaure ɗaya na kwaɓi, sito ɗaya na fulawa, sai tanderun ƙasa a tsakar gida. Mu uku ne ma'aikata. Akwai Baba mai wuta, dattijo daga wani ƙauye gaba da Maraɗi, wanda fari ya cinye masa shanu ya tsallako da iyalinsa. Da bayan hannunsa yake auna zafin tanderu, kuma ba ya kuskure sai in gyangyaɗi ya sace shi. Akwai mai keke, sa'ana ne, shi ke rarraba wa masu shayi, bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. Sai ni mai kwaɓi, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga ƙarfi, ga zuciya a kusa. Ran Lahadi da yamma, in kasuwa ta watse, Maigida ya zauna a kan buhu ya sallami kowa. Babu takarda, babu sa hannu, makon da ka yi aiki shi za ka ci.

A lokacin matata tana da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidansu a Bugaje. Surukaina mutanen kirki ne, amma ba su san mantuwa ba. Akwai wani mijin 'yarsu da ya taɓa kai ɗan akuya ranar suna, shekara tara ke nan, amma in ya yi sallama sai wani ya yi masa kukan akuya daga bayan danga. Na rantse ba za a yi da ni ba. Tun cikin yana ƙarami na sayi ɗan rago a kasuwar Lahadi, ƙashi da fata, na ɗaure shi a bayan ɗakina. Kullum in mun tashi aiki sai in share garin fulawar da ya zube, in tsince burodin da ya ƙone, in zuba a tsohon buhu in kai masa. Ban taɓa tambayar kowa ba, don a ganina shara ce. To, tsakani da Allah, wani lokaci ƙunar ba wata ƙuna ba ce, gefe ɗaya ne ya ɗan yi duhu, amma in na tuna idon ragona sai in ga ai ya ƙone ƙurmus.

Cikin wata shida ragon nan ya zama abin kallo. Fari tas, wuya baƙi, baya shimfiɗe. In ya ji ƙarar buhu tun daga bakin layi sai ya hau tsalle kamar zai tsinke igiya. Ka ba shi dusa, ya shinshina ya kau da kai, shi burodi ya sani.

Saura kwana goma maniyyata su tashi, Maigida ya tsayar da mu bayan ya sallame mu. Ya ce zai rufe gidan burodi har ya dawo, kwana arba'in ko fiye, mu je mu huta.

Mai keke ya washe baki. "Hutu! Kai, Allah ya ƙara arziki, Maigida!"

Ni kuwa na ce, "Maigida, hutun da kuɗi ne?"

Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. "Kuɗin mi? Aiki kuka yi?"

Na ce to a bar mana makulli mu ci gaba da gashi. Ya girgiza kai. Ya ce bara da ya yi tafiyar kwana shida ya bar wa ƙanensa makulli, ya dawo ya tarar buhunan fulawa sun yi ƙafa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, balle mu. Ya kaɗe rigarsa ya tashi, magana ta ƙare.

Kwana arba'in! Haihuwa kuwa an ce bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki. Ga itacen wankan jego, ga kayan jariri, ga goron suna, ga cikina ni kaina. Ba ni da gona, ba ni da rumbu. Abu ɗaya na mallaka da za a iya sayarwa, yana ɗaure a bayan ɗaki yana jiran burodi. Kuma kamar an yi shela, masu neman ragon layya suka fara zagayowa. Wani ɗan kwastan ya zo a kan sabon babur ɗinsa, ya danna bayan ragon da tafin hannu, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ko sallama bai gama ba. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi dariya ya ce ba komai, in Maigida ya tashi da mako biyu zai dawo. Wallahi da na bi zuciyata, da na tura shi da babur ɗin cikin kwata.

Mai keke, da ya gane hutun nasa na yunwa ne, sai ya koma shi ne uban 'yan tawaye. Ya zo mana da labarin wani direba da ya taɓa aiki a masaƙa a Kaduna, wai can in kamfani ya rufe don kansa sai ya biya ma'aikata, doka ce. Ya ce mu rubuta takarda mu kai ofishin leba a Katsina. Ya ce shi ba ya tsoron kowa, a gaban kowa zai faɗa wa Maigida gaskiya.

Baba mai wuta yana tura itace, ko waigowa bai yi ba. Ya ce, "Takardag ga taku, kahin ta kai ta komo, mutumin ga ya yi Arhwa ya dawo da haƙorin zinari. Wa ma ya san da mu? Ku dai ku yi haƙuri."



Ana gobe za su tashi aka yi taron sallama a ƙofar gidan Maigida bayan la'asar. An baza tabarmi har kan hanya, liman yana gaba, ga 'yan kasuwa, ga masu shayi, ga dangi daga Gangara, ana ta zagayawa da goro a faranti. Aka yi addu'a aka shafa. Sai Maigida ya miƙe, cikin farar riga sabuwa, ya ce shi zai tafi inda ba a san ko za a dawo ba, duk wanda shi ya taɓa saɓa wa, da sani ko da rashin sani, ya yafe masa don Allah. Wuri ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun yafe! Allah ya yafe mana baki ɗaya!" Haka ake yi, kowa ya sani. Ban taɓa jin inda aka ba da wata amsa ba.

Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai ya ga ya kamata ya bi na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya, yana kama hannu. Ya zo kan Baba, Baba ya ce, "Na yahe, Allah shi kai ka lahiya." Ya zo kan mai keke, jarumin namu, sai ga shi ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Na yafe duniya da lahira, Alhaji, a sa mu a addu'a!" Alhajin ma tun ba a je ba. Sannan ya kama hannuna.

"Kai fa, ɗana?"

Allah ya sani ban shirya ba. Ragona na gani a idona, ɗan kwastan yana jan sa a bayan babur. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ni ban yafe ba."

Kai! Har mai rabon goro ya tsaya da faranti a sama. Can wani ya ce, "A'uzubillahi!" Sai hayaniya ta ɓarke. Kawun Maigida ya ɗaga sandarsa yana tambayar ɗan gidan uban wane ne wannan. Wata murya daga baya, na tabbata ta wani mai shayi ce, ta ce, "Ku bar shi ya faɗi!" Maigida bai saki hannuna ba, amma fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Mi na yi maka?"

Tunda na riga na faɗa ruwa, sai na yi iyo. Na ce, "Maigida, shekara uku ina murza maka kwaɓi, ko ranar da nake zazzaɓi ban fasa ba. Ba mu muka ce a rufe ba, kai ka ce. Za ka ɗakin Allah, ka bar mana kwaɗo a ƙofa, kwana arba'in mu ci mi? Matata tana gab da haihuwa. In ka tafi a haka, ragon sunan ɗana zan sayar in ci. In ce na yafe, alhali zuciyata ba ta yafe ba? Ƙarya kake so in yi maka ka tafi da ita Makka?"

Liman ya ɗaga hannu, aka lafa. Tsoho ne mai magana a hankali, sai an kasa kunne. Ya ce yaron nan ba shi da ladabi, wannan kam babu musu. Ya ce kuma shi bai ce Maigida ya ci kuɗin kowa ba. Amma mutanen da abincinsu ke bayan ƙofarka, ka kulle ƙofar ka tafi neman gafarar Ubangiji, to wannan abin dubawa ne. Ya juya ga kawun mai sanda ya ce a sauke ta, yafiya ba a ƙwatar ta da duka.

Baba ne ya ja ni daga wurin, ya riƙe mini wuyan riga har tasha. "Kai wane irin yaro ne? Gaban liman! Gaban dangi nai!" Ni kuwa ƙirjina wasai kamar na sauke buhu. Kafin magariba labari ya gama gari. Duk teburin mai shayin da na wuce sai a nuna ni da cokali, wasu suna tsine mini, wasu suna miƙo mini kofi kyauta.

Washegari da hantsi aka taru a tasha rakiyar maniyyata zuwa Kano, inda za su hau jirgi. Mata suna guɗa, maroƙa suna ta zuba kirari, an ɗaure akwatunan ƙarfe a saman mota. Na tsaya can nesa kusa da masu lemo. Sai na ga Maigida ya yafito Baba. Ya zura hannu a aljihu ya fito da makulli, ya danƙa masa. Na matso da sauri.

Yana cewa, "Fulawar da ke sito, in na dawo in tarar da kamarta, buhu bisa buhu. Abin da ya hau kai, naku ne. Kai na ba, ba su ba." Ko kallona bai yi ba. Da ya sa ƙafa a mota sai ya ƙara da cewa, "Shi kuma wancan mai bakin, in na dawo ma yi magana."

Murna ta rufe ni, na rungume mai keke muna tsalle. Sai da mota ta ɗaga ta kama hanyar Katsina sannan na tuna ban faɗi kalmar ba. Na kwasa da gudu, takalmina ɗaya ya fita, ina ihu, "Na yafe! Maigida, na yafe!" Ga guɗa, ga oda, ga maroƙa. Ƙeyarsa kawai na gani ta gilashin baya, bai waigo ba. Na ce a raina ai ya ji, na koma neman takalmina.

Kwanakin nan arba'in, ban taɓa jin daɗin aiki kamarsu ba! Baba ya rataye makulli a wuya da igiyar fata, ko alwala zai yi ba ya cirewa. Da ma ya iya gasa dogon burodin nan siriri mai ɓawo irin na Maraɗi, Maigida ne ya hana, wai mutanenmu mai laushi suka sani. Yanzu Baba ya ce a gwada. Direbobin Nijar suka gan shi a teburin mai shayi, suka yi ta salati kamar sun ga ɗan'uwansu. Kafin azahar babu ko ɗaya. Mai keke ya riƙa yin sawu uku a rana, har wajen 'yan duwan, kwastan na Nijar, yake kaiwa, ya dawo aljihu ɗaya naira, ɗaya sefa, yana gaishe mu da "bonjur" kamar a can aka haife shi. Jajibirin Salla muka gasa har hannuwana suka daina jin komai, muna yi muna waƙa, Baba da kansa yana buga gwangwani da sanda.

Wani abin mamaki kuma, a kwanakin nan burodi ya daina ƙonewa. Wanda ya ɗan yi duhu a gefe, sai in juya shi in duba in ce ai wannan lafiyarsa lau, a saya. Ragona ya yi kwana biyu yana fushi da ni, a na uku ya sunkuya ya ci dusa da harawar da na sayo masa da kuɗina. Ɗan kwastan ya cika alkawari, ya dawo bayan mako biyu. Na tare shi da fara'a, na ce rago dai yana nan ba na sayarwa ba, amma akwai burodi mai zafi in yana so.

Bayan Salla da kwana shida, ina cikin kwaɓi, wani ƙanen matata ya iso a kan keke daga Bugaje ya ce an sauka lafiya, namiji. Ɗan fari ne, ba a nuna murna a gaban mutane. Na ce, "To, madalla," na ci gaba da murza kamar an ce mini an yi ruwa a wani gari. Da ya fita na shige sito na rufe ƙofa, na yi ta tsalle a tsakanin buhuna har na fito fari fat. Baba ya dube ni ya ce halan fulawar ce ta tashi ta rungume ni.

Ana gobe suna muka sa ragon a bayan a-kori-kura. Da aka sauke shi a ƙofar gidan surukaina, mutum biyu ne suka riƙe igiya. Surukina ya zagaya shi sau biyu, sai ya aika a kira maƙwabta. Wata tsohuwa ta leƙo ta rangaɗa guɗa ta ce wannan ai ɗan maraƙi ne aka yi wa ƙahon rago. Mijin nan mai ɗan akuya ma ya zo, ya ba ni hannu, na ga idonsa ya yi ja. Da safe aka raɗa suna aka yanka. Da mata suka soya, Baba ya ce a cika langa guda a ajiye wa Maigida rabonsa, a zuba mai ya rufe naman don kada ya lalace.

Ranar da alhazai suka dawo, gari ya fita tarya. Maigida ya rame, ya yi baƙi, yana ta tari, ga haƙorin zinari kamar yadda Baba ya faɗa. Ko gida bai shiga ba sai da ya biya ta sito. Ya duba buhuna, ya bubbuga su, ya leƙa tanderu, ya ce, "Hm." Da yamma muka je gaisuwa a zaurensa. Aka ba kowa dabino da kurɓin zamzam, ya miƙa wa Baba carbi, ni da mai keke hula ɗaya ɗaya. Na ajiye langar a gabansa, na koma gefe ina jiran a ce in nemi wani aikin.

Ya ce, "Saura kai. Har yanzu ba ka yafe ba?"

Na ce, "Alhaji, ai na faɗa! Ranar da kuka tashi, na bi mota da gudu ina faɗa!"

Ya ce, "Ban ji ba."

Ya yi tari ya goge baki. Ya ce ranar Arfa, mutane ko'ina suna kuka suna roƙo, shi kuwa duk sanda ya ɗaga hannu sai ya ji muryata, ni ban yafe ba. Ya ce a jirgi ya ji ta, a Mina ya ji ta, da ita ya yi ɗawafin ban kwana. Ni ina nan ina tsalle a sito, shi yana can da maganata a wuya.

Na ce, "Na yafe, Alhaji. Wallahi na yafe har zuciyata."

Ya ce alhamdulillahi, ya shafa fuska. Ya ce daga yau in tafiya ta kama shi, makulli yana wuyan Baba, ba za a ƙara rufe ƙofar nan a kan cikin kowa ba. Mai keke ya fara kabbara kamar shi ya yi yaƙin. Sannan Alhaji ya buɗe langar, ya ɗauki tsoka ɗaya ya sa a baki, yana taunawa a hankali saboda sabon haƙori.

"Wannan shi ne ragon?"

Na ce shi ne.

"Ya yi mai. Dole ya yi, wata shida yana cin burodina." Ya ɗago ya dube ni. "Kullum la'asar, da tsohon buhu, ta ƙofar baya. Wani ma ko ƙonewa bai yi ba. Ka taɓa tambayata?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tsaya a gaban liman ina maganar hakki! Kuma da ragon nan aka yanka wa ɗana suna. Na durƙusa, na fara cewa, "Alhaji, don Allah a ya…"

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Tashi. Tun ranar da na fara ganinka da buhun na yafe. Ban jira ka tambaya ba." Ya tura wa Baba langar. "Ku ci. Gobe a hura wuta da wuri."

Na ce to. Na fita ko hular tsarabar ban ɗauka ba, sai mai keke ne ya biyo ni da ita.